Nawa Ne Ladan Sa'a Guda ta Malamin Lesin?

Wanda duk ya tsaya a bakin titi cikin birnin Kano bayan an sallame sallar La'asar, ko a Kabuga, ko a Hotoro, ko a kan titin Zariya, ya zuba ido ga masu hawa da sauka daga Adaidaita Sahu, lalle zai lura da wani rukuni na jama'a wanda a zamanin iyayenmu ba a san shi da yawa haka ba: samari da 'yan mata, har da magidanta masu furfura, wani da jaka rataye a kafaɗa, wata da littattafai biyu ko uku a ƙarƙashin hijabi, kowa yana sauri yana duban agogo, domin akwai gidan da ake jiransa.

Waɗannan su ne malaman lesin. Da yawa daga cikinsu tun da sassafe suke tsaye gaban allo a wata makarantar gwamnati ko ta kuɗi, wasu ɗalibai ne a Jami'ar Bayero ko a kwalejojin horon malamai, wasu masu yi wa ƙasa hidima ne, wasu kuwa sun gama karatu shekara da shekaru suna riƙe da takardar digiri, aiki bai samu ba, sai wannan 'yar sana'a ta zama ita ce rufin asirinsu.

A gidan da za su, yaro ya dawo daga boko da Azahar, ya ci abinci a gurguje, wataƙila ma ya leƙa Islamiyya, ga shi kuma za a sake buɗe masa littafin lissafi har Magariba. Mahaifinsa kuwa, wanda ya riga ya biya kuɗin makaranta da na littattafai da na yunifom, ya san ƙarshen wata akwai wani kuɗin da ke jiransa, amma da za a tambaye shi sa'a nawa ya saya da kuɗin nan, da wuya ya iya ba da amsa.

Wannan rashin lissafi ne ya sa muka ga ya kamata a duba al'amarin a tsanake, domin harka ce da dukiya mai yawa take zagayawa a cikinta kowane wata, alhali babu hukumar da ta yanke mata farashi, babu takarda tsakanin mai biya da wanda ake biya, kuma sau da yawa kowane ɗayansu yakan kwana da zaton shi aka ƙwara.

Kuɗin Laraba da hukuncin ijara

Biyan malami ladan karantarwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun kafin zuwan Turawa yaron makarantar allo yakan riƙo ɗan abin da aka ba shi a gida ya miƙa wa malaminsa ranar Laraba, wato jajiberin hutun Alhamis da Juma'a, sa'an nan idan ya kai wata babbar sura a yi sadaka, idan kuwa ya sauke Alƙur'ani a yi walima, a yi wa malam alheri gwargwadon ƙarfin mahaifi, wani ya ba da rago, wani riga, wani damin gero.

Sarakuna da attajirai sukan ajiye malami a zaure domin 'ya'yansu, matan aure kuma malama takan iske su har ɗaki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda matan da ta naɗa jaji suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa 'yan uwansu mata a ƙauyuka. Ashe ke nan ilimi ya daɗe yana bin mutane har gidajensu a ƙasar nan.

Malaman Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da muka tashi a kanta, sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma ba su bar maganar a dunƙule ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawani wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu koyarwa, inda ya yi bayanin ladan malami, da ranakun hutu, da abin da ake ba shi ranar sauka, ya wajabta masa adalci tsakanin ɗan mawadaci da ɗan matalauci, ya kuma hana shi aiken yara cikin buƙatun kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu har gobe, ta yarda a ƙulla sharaɗi da malami a kan za a biya shi idan yaro ya ƙware.

Abin da babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ya tsaya a kansa kuwa kowane ɗalibin fiƙihu ya san shi: wajibi ne ladan ya zama sananne, aikin ko lokacinsa shi ma ya zama sananne, domin jahiltar ɗayansu ƙofa ce ta jayayya, kuma shari'a ta fi son a toshe ta tun ba a shiga ba.

To, ga inda muka yi sake. Mun gaji kunyar da malaman dā suke ji game da ambaton kuɗi, muka saki bayanin da littattafansu suka yi umarni da shi. Uba zai ce, "Malam, nawa za a riƙa ba ka?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai duk abin da ya sauƙaƙa." Wannan amsa ta dace da malamin da yake da gonarsa, almajirai suna taya shi noma, mutanen gari suna kai masa zakka da kyauta; amma saurayin da zai hau mota biyu kafin ya iso gidan, wanda mai gidan haya yake jiransa, idan ya faɗi haka, to, ya yanke wa kansa hukuncin da zai yi ta cizon yatsa a kansa har ƙarshen zango.

Abin da ya kai iyaye ga neman lesin

Babu uban da yake sha'awar biyan kuɗi sau biyu a kan karatu ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka kuma kafa dokar ilimin bai-ɗaya a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, yara suka yi ta kwarara makarantu, amma gina azuzuwa da horar da malamai bai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawansu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi nufin malami ɗaya ya riƙe yara kimanin 35 a firamare, ga shi kuwa a unguwannin Kano masu cunkoso ba abin mamaki ba ne a iske yara ɗari ko fiye a aji guda, wasu a ƙasa, wasu a kan taga.

Malamin da aka danƙa wa yara ɗari, komai ƙoƙarinsa da tsoron Allahnsa, ba zai iya duba littafin kowa ba, balle ya gane cewa wancan yaron na kusurwa bai fahimci rabawa ba tun daga aji uku. Ga kuma matsalar ƙwarewar malaman kansu, wadda ta fito fili a Jihar Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce fiye da 21,000 ba su kai makin da aka nema ba. An yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma saƙon ya riga ya isa kunnen iyaye. A Kano ma, a watan Yuni na 2024, gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda shi kansa iƙirari ne cewa lamarin ya kai inda ya kai.

Sai kuma jarrabawa, wadda ita ce babbar mai kora iyaye kasuwar lesin. Ɗalibi ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da lissafi a mafi yawan fannoni, sa'an nan ya fuskanci JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya a kan kwamfuta. A 2024 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna mata, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Uban da yake mafarkin 'yarsa ta karanta likitanci, idan ya ji wannan, ba ya buƙatar wanda zai tallata masa malamin Fiziks.

Tun daga ƙasa ma gasar take farawa, domin akwai jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya, da ta shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tun kafa su a 1977 suka yi suna wajen yaye likitoci da injiniyoyi, gurabensu kuwa ba su taɓa isar masu nema ba.

Farashin da ake ji a gari

A ƙasar Hausa ciniki da wata ake yi, kuma farashin yana da hawa-hawa. Mafi sauƙi shi ne lesin taro, wanda ake yi a makaranta bayan an tashi, ko a wani shago ko gareji da aka zuba wa benci, inda kowane yaro yake biyan 'yan dubbai a wata. Cibiyoyin shirya ɗalibai domin JAMB da WAEC, waɗanda suke cika maƙil daga Janairu zuwa lokacin jarrabawa, galibi sukan karɓi abin da ya kama daga Naira dubu goma zuwa dubu ashirin a wata, su ƙara wani abu idan akwai horo a kan kwamfuta.

Malamin da yake zuwa gida domin yaron firamare, a unguwannin masu matsakaicin hali, abin da aka saba ji a 'yan shekarun nan bai cika wuce dubu goma sha biyar zuwa dubu talatin a wata ba, kwana uku ko huɗu a mako. Idan aka hau sakandare, musamman lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuɗin yakan ninka, saboda masu iya koyar da su da kyau ba su da yawa, kuma sun san ana nemansu. A Nasarawa ta Kano, ko Maitama da Asokoro a Abuja, dubu ɗari a wata ba ta ba kowa mamaki, balle idan yaron yana shirin jarrabawar ƙasashen waje, inda ake neman malamin da ya san manhajar Ingila ko ta Amurka.

A wannan mataki na sama ne ake jin ana ciniki da awa, kamar Naira dubu uku zuwa dubu goma, wani lokaci fiye. Kamfanonin intanet irin su Tuteria da Prepclass, waɗanda suka faro daga Legas suna haɗa iyaye da malamai su ɗauki kamashonsu, sun taimaka wajen yaɗa wannan hanya ta lissafi, manhajoji irin su uLesson kuma suna sayar da darussan bidiyo ga mai waya da kuɗin data.

Malamin Alƙur'ani da ke bin gida, abin takaici, shi ne mafi yawa a ƙasan jeri. Gidan da zai biya malamin Turanci dubu arba'in ba tare da gardama ba, shi ne zai miƙa wa mai koyar da hadda da tajwidi dubu goma, a ce masa ai aikin Allah ne, ladansa yana Lahira. Lalle ladansa yana Lahira in Allah Ya yarda, amma wannan bai sauke wa mai gida haƙƙin da ke kansa a duniya ba, kuma wanda ya kwashe shekaru yana tilawa har ya haddace izu sittin bai gaza mai digiri wahala ba. Ɗan sauƙin da wasunsu suka samu a yanzu shi ne Hausawa mazauna Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa, waɗanda suke ɗaukar malami daga gida ya karantar da 'ya'yansu ta WhatsApp ko Zoom, su biya da kuɗin da idan aka canza shi yana da auki.

Idan aka karkasa wata zuwa sa'o'i

Babu wanda zai je kasuwar Dawanau ya sayi hatsi ba tare da an auna masa da mudu ba, amma muna sayen lokacin malami ba tare da awo ba. Bari mu auna, da misali mai sauƙi wanda kowa zai iya sauya alƙalumansa da na gidansa.

A ce an shirya da malami a kan Naira dubu ashirin a wata, yana zuwa kwana uku a mako, sa'a biyu kowace rana. Wannan ya kama kwana 12, sa'a 24 ke nan, kowace sa'a ta tashi a kan Naira 830 ko kusa da haka. Idan zuwa da dawowa yana cin Naira 800 a rana, wanda ba tsada ba ne ga mai tsallaka gari, kuɗin mota kaɗai ya lashe 9,600, saura 10,400, sa'a ta dawo Naira 430. Idan kuma aka lissafa sa'a guda da yake ɓatawa a hanya kowace rana, ba a ma yi maganar shirya darasi da duba aikin gida ba, sai ta gangaro ƙasa da Naira 300.

Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira dubu saba'in ne, wanda idan aka raba shi da sa'o'in aikin wata zai ba da kimanin Naira 400 a sa'a. Wato malamin namu, mai takardar NCE ko digiri, yana komawa gida da abin da bai kai na ma'aikaci mafi ƙanƙanta a ofis ba. Sau da yawa kuma da yaro ɗaya aka yi ciniki, amma kafin mako biyu an turo ƙannensa biyu da ɗan maƙwabta, an ce su ma su zauna su riƙa saurare.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, kuɗin lesin kuwa a gidaje da yawa yana nan inda aka yanke shi shekara uku da suka wuce, saboda malam yana jin nauyin ya tayar da maganar, mai gida kuma ya ga shiru ya ɗauka yarda ce.

Domin kwatance, a Ingila malamin gida yakan karɓi kimanin fam 30 zuwa 40 a sa'a, wanda a canjin 2025 ya yi kusa da mafi ƙarancin albashin wata guda a Nijeriya. Kwatanta kuɗi da kuɗi tsakanin ƙasashen biyu ba adalci ba ne, domin tsadar rayuwa ta bambanta. Abin lura shi ne cewa a can sa'ar malamin ta ninka mafi ƙarancin ladan sa'a kusan sau uku, a nan kuwa da ƙyar take kamo shi.

Kowa da kukansa

Iyaye su ma suna da hujja, kuma ba za a yi musu adalci ba idan aka ƙi saurarenta. Ma'aikacin da albashinsa bai wuce dubu ɗari da hamsin ba, mai 'ya'ya biyar, idan ya cire dubu talatin domin lesin, to, daga bakin tukunya ya cire ta. Kukansu shi ne malamai da yawa ba sa cika lokaci, a zo a makare a tashi da wuri, a yi ta danna waya yaro yana kwafe abin da bai gane ba, wani ma ya yi wa yaro aikin gida da hannunsa domin a ga maki ya hau, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Akwai kuma fargabar da ba a cika faɗa a fili ba, ta shigar da baƙo cikin gida a bar shi da yara, musamman 'yan mata, wadda ta sa gidaje da yawa suka fi son malama, ko su sa a yi karatun a tsakar gida inda ido yake.

Malamai kuwa babban abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya shi ne jinkirin biya. Wata zai ƙare, a shiga na biyu, Hajiya ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, Alhaji ya yi tafiya," ko a ce albashi bai shigo ba. Idan aka yi hutu, ko iyali suka tafi Umara, ko yaro ya yi zazzaɓi, sai a zaftare kuɗin ba tare da shawara ba, alhali shi ya riga ya ƙi karɓar wani gida saboda ya keɓe musu lokacin. Wasu gidajen ma sukan mayar da shi ɗan aike, ko mai rakiyar yara, abin da zai zubar masa da ƙima a idon ɗalibinsa. Malaman fiƙihu sun lissafa jinkirta biyan haƙƙi ga mai ikon biya cikin nau'o'in zalunci, kuma ban ga dalilin da zai fitar da ladan malamin lesin daga wannan hukunci ba.

A ganina cutar guda ce take cin ɓangarorin biyu. Wanda aka biya shi kaɗan, a makare, dole ya tara gidaje huɗu ko biyar a yamma ɗaya domin ya haɗa abin cefane, wanda ya tara gidaje biyar kuwa ba zai ba kowanne haƙƙinsa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan yaro ne yake biyan bambancin.

Malamin aji mai sayar da lesin

Akwai wani nau'i da ya fi kowanne buƙatar a yi magana a kansa ba tare da rufa-rufa ba, shi ne malamin da yake karɓar kuɗin lesin daga ɗaliban ajinsa na safe. A makarantun kuɗi da yawa an mayar da kuɗin lesin wajibi, yana cikin takardar biya ta kowane zango, ko uba yana so ko ba ya so, kuma ba lalle ne kaso mai tsoka ya isa hannun malamin da ya tsaya har La'asar ba. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙananan makarantun kuɗi da dama suna biyan malamansu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, don haka lesin ya zama shi ne cikon albashin.

Haɗarin a bayyane yake. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan darasin yamma, zuciya za ta iya raya masa ya taƙaita na safe, ya ajiye babi mai wuya sai ga waɗanda suka biya, ko ya karkata wajen ba da maki. Ba mu ce duka suke yi ba, kuma mun san akwai malamai masu tsantseni da suke tara yara marasa hali su koya musu kyauta ranar Asabar, Allah Ya saka musu da alheri. Amma tsarin da yake sa mutumin kirki cikin irin wannan jarrabawa kullum, tsari ne da ya kamata hukumomin ilimi su sa wa ido. Adalcin da ɗan Sahnunu ya wajabta tsakanin ɗan mawadaci da ɗan matalauci, a nan ne ake fara tauye shi.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Masana ilimi ba su yi saɓani ba a kan cewa koyarwa ta fuska da fuska tana da amfani. Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya wallafa bincike a 1984 wanda ya nuna ɗalibin da aka keɓe wa malami yana iya zarce kusan dukkan takwarorinsa na aji, kuma ko da yake binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girma haka ba, ya tabbatar da cewa amfanin yana nan, musamman idan malamin horarre ne, yaran ba su wuce uku ko huɗu ba, ana kuma haɗuwa aƙalla sau uku a mako.

Darasin da ke cikin wannan ga mai ƙaramin ƙarfi babba ne: maƙwabta uku su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren malami guda, su biya shi abin da zai tsaya ya yi aiki da zuciya ɗaya, ya fi kowannensu ya ɗauki mai araha shi kaɗai. Ya kamata kuma a tuna cewa yaron da aka tsare tun ƙarfe bakwai na safe har Isha, boko da Islamiyya da lesin, babu wasa babu hutu, sa'ar ƙarshe da aka biya masa ba ta shiga kansa, kuɗin ya tafi a banza.

Ƙasashen da suka gwada hanawa

Wasu sukan ce gwamnati ta haramta lesin kowa ya huta. An gwada. Koriya ta Kudu ta hana shi a 1980, masu hali suka ci gaba a ɓoye da farashi mai tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a shekara ta 2000. A yau kimanin ɗalibai takwas cikin goma a can suna zuwa darasin kuɗi, iyaye kuma sun kashe kimanin won tiriliyan 27 a kansa a 2023 kaɗai. Ƙasar Sin ta hana kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussan makaranta a watan Yuli na 2021, manyan kamfanoni suka durƙushe, malamai da yawa suka koma bin gidaje a asirce. Muddin gurbin jami'a bai isa ba, aji kuma bai ƙosar ba, uba zai nemi hanyar da zai ɗaga ɗansa, da doka ko babu.

Yaron da ba a yi wa lesin

Duk wannan lissafi na waɗanda suke da abin biya ne. Hukumar UNICEF ta daɗe tana faɗin cewa yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan goma, mafi yawansu a Arewa. A bayansu kuma akwai miliyoyin da suke zuwa, amma abin da suka samu a aji mai mutum ɗari shi ke nan rabonsu. Ɗan mai faskare da ɗan babban sakatare za su zauna gaban kwamfuta iri ɗaya ranar JAMB, a yi musu tambaya iri ɗaya, alhali ɗaya ya sha ɗaruruwan sa'o'i na darasin gida, ɗayan kuwa wataƙila ranar ce ya fara taɓa kwamfuta. Ba na ganin laifin uban da ya biya, domin kula da ɗa amana ce. Laifin yana kan al'ummar da ta ga tazarar tana faɗaɗa ta yi shiru.

Maganin asali yana hannun gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi: a rage cunkoson aji, a ɗauki malamai ƙwararru, a biya su abin da zai hana su yawon gidaje da yamma. Kafin a kai can, masallatan Juma'a, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiran unguwa, suna iya ɗaukar nauyin malamai biyu ko uku su buɗe darasin yamma kyauta ga masu shirin jarrabawa, su biya malaman da sa'a, lada sananne. Wannan fage ne da waƙafi da sadaka mai gudana suka dace da shi ƙwarai, kuma kuɗinsa bai kai na walimar biki guda ba.

Ga mai karatu da yake shirin ɗaukar malami a wannan zango, roƙonmu shi ne ya zauna da shi tun ranar farko, su ƙidaya kwanaki da sa'o'i da yawan yaran da za a koya wa, su ware kuɗin mota daban, su yanke abin da za a yi idan hutu ko rashin lafiya ya gitta, su ajiye ranar biya, su rubuta a takarda kowa ya riƙe tasa. Kai kuma Malam, idan aka tambaye ka nawa ne, ka yi lissafinka ka faɗi adadi.